Ginshiƙi na Bakwai

A unguwar da ke bayan tasha babu wanda ya san shi da wani suna in ba Inci ba. Yara su ce Baba Inci, sa'o'insa su ce Inci kawai, matarsa kuwa idan ranta ya ɓaci takan ce, "Wancan mai awon." A loko ya samo sunan, wato babbar rumfar da ake gyaran kawunan jiragen ƙasa, inda ya yi shekara talatin da takwas yana kanikanci. Mutum ne da ba a ce masa "kamar". Ka ce masa kusoshin nan sun kai kamar goma, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Goma ne, ko kamar goma?" Ko gidan gaisuwa zai je, tef ɗin awo yana aljihunsa. An ce ranar da aka kawo gadon aurensu sai da ya gwada ƙafafun, ya sami ɗaya ta gaza da rabin inci, ya mayar wa kafinta. Matar ba ta taɓa ƙaryata labarin ba.

Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga loko, da share toka ya fara. Daga shara ya koma miƙa wa manya sifana, daga nan aka ba shi teburin aiki na kansa a jikin bangon gabas. Ba shi da fara'a, ba shi da hira, bai iya kwantar wa mutum da hankali ba. Amma idan Inci ya ce ƙarfe ya cinye, to ya cinye, ko injiniya ba ya sake gwadawa. Da wannan aka san shi, kuma shi kansa bai san wani abin alfahari da yake da shi ba bayan wannan.

Shi ya samo wa ƙanin matarsa aiki a loko. Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Auta ya girma ya zama bakanike mai hannu, mai yawan dariya, ya yi aure, matarsa na da ciki wata shida lokacin da abin ya faru.

Akwai doka a loko da ko sabon ɗan shara ya sani. A tsakanin ƙarafan kowane layi akwai rami mai zurfin ƙirji, inda bakanike ke shiga ya yi aiki a ƙarƙashin kan jirgi. Kafin ka shiga ramin, sai ka ɗauki jan allo ka rataye shi a ƙugiyar da ke bakin ƙofar direba. Direban da ya ga jan allo ba ya hawa, ko uban wa ya aiko shi. Wata Laraba da hantsi Auta yana cikin ramin layi na uku, hannunsa da kafaɗarsa suna tsakanin sandunan ƙafafun jirgi, sai kan jirgin ya motsa. Bai wuce taku ɗaya ba ya tsaya. Taku ɗayan ya isa ya ɗauke ran Auta.

Direban da ya motsa shi Mai-Usur ne. Duk garin an san busarsa, doguwa ɗaya gajeru biyu, wadda yakan yi in ya doso tasha don tsohuwarsa ta san ya dawo lafiya. A gaban kwamitin bincike ya rantse bai ga allo a ƙugiya ba. An tsinci allon a ƙasa kusa da ƙafar jirgi, saboda haka magana ta rabu biyu: ko an rataye shi ya faɗo da jirgin ya girgiza, ko kuwa Auta ya jingine shi a nan ya manta bai rataye ba. Sai aka kira Inci. Aka tambaye shi ina yake a lokacin. Ya ce yana teburinsa. Aka ce ya ga allon? Ya ce ya gan shi a rataye, ja, da idonsa.

Daga nan bincike ya ƙare. Aka kori Mai-Usur, aka ba shi kwana bakwai ya tashi daga gidan ma'aikata. Aka cike ramin layi na uku da kankare, don babu wanda zai ƙara yarda ya shige shi. Shi kuwa Inci, dama ana shirin yi masa ƙarin girma, wata bai zagayo ba ya zama heluma, wato shugaban kanikawa, aka cire teburinsa, ya koma ɗan ofis a bakin ƙofa. Matar Auta ta haifi 'ya mace, kuma a gidan Inci yarinyar ta tashi, tana jin cewa ubanta mutum ne mai kiyaye doka wanda gangancin wani ya kashe.

Shekaru suka shuɗe. Inci ya yi ritaya, jirage suka ragu, aka rufe loko, jemagu suka gaje shi. Bara aka ce za a rushe shi a gina rumbunan ajiye kaya. Sauran 'yan fansho suka yi ta cizon yatsa a majalisa. Shi kuwa ya ɗauki tef da littafi da fensir, ya yi kwana tara yana shiga kangon yana awo. Ya gwada bango, ya gwada tagogi, ya gwada tazarar ginshiƙai, ya kankare ƙasa ya gano bakin ramin da aka cike, ya gano alamar da ƙafar jirgi ke tsayawa a kowane layi, har gindin kusoshi huɗun da suka riƙe teburinsa ya samu a daɓe, ya rubuta. Maigadin wurin ya ɗauka tsohon ya taɓu, ya riƙa ba shi kujera.

Da aka rushe lokon, Inci ya ciro tsohon ƙyauren ɗakin ajiya ya kwantar a kan durom biyu a baranda, ya ce a nan zai sake gina shi. Inci ɗaya a madadin ƙafa huɗu. Shugaban 'yan fansho da ya ji labari ya ce in an gama a kawo ofishin ƙungiya a ajiye, jikoki su ga inda kakanninsu suka ƙarar da ƙarfinsu.

Wata goma sha ɗaya yana abu ɗaya. Bangon da siraran katako ya yi shi, ya zana kowane bulo da bakin allura. Layukan dogo da waya. Rufin da gwangwanayen madara, ya yanka, ya miƙar, ya danna kowane falle a kan haƙoran mataji don ya yi tudu da kwari irin na kwanon rufi. Da ya ga bangon ya yi tsabta fiye da kima, ya kunna kyandir ya turara shi da hayaƙi har ya yi baƙi. Idonsa ya yi rauni, tabarau biyu yake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, hannunsa kuma yana rawa, sai ya danne wuyan hannun dama da na hagu kafin ya ɗiga gam. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

"Malam, tsofai-tsofai da kai ka koma wasan yara," ta ce wata rana tana shanya. "Matajina ma bai tsira ba."

"Ba wasa ba ne, awo ne."

"To Allah ya ba da lada. In ka gama ka gina mini kicin, wannan yoyo yake."

Amma ya sha kama ta, in ta zaci ba ya kallo, tsaye tana kallon gurbin layi na uku.

Wannan layin ya bari a ƙarshe. Ya buɗe raminsa kamar yadda yake a da. Ya ƙera kan jirgi irin na wancan zamani, wanda ya san tsawonsa fiye da yadda ya san shekarun 'ya'yansa, ya tsayar da shi daidai kan alama. Ya kafa ɗan teburinsa a kan kusoshi huɗu. Ya lanƙwasa waya ya yi ɗan mutum mai tsawon inci ɗaya da rabi ba kaɗan, ya tsayar a gaban tebur, shi ke nan shi. Ya yanko ɗan jan allo wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Kafin ya rataye shi sai sha'awa ta kama shi, yana so ya sake ganin loko daga inda ya saba ganinsa. Rufin ba a manne yake ba tukuna, ya ɗage shi, ya sa ɗan fasasshen madubi a wurin kan mutumin wayar, ya sunkuya ya leƙa.

Ya ga tukunyar jirgin, ya ga ƙafafun gaba, ya ga bakin rami. Ƙofar direba ce bai gani ba. Ginshiƙi na bakwai ya tare ta.

Ya goge madubin da bakin riga ya sake leƙawa. Ya ɗauko zaren ɗinki, ya ɗaura a kan mutumin wayar, ya ja shi zuwa ƙugiya. Zaren ya daki tsakiyar ginshiƙin. Ya matsar da mutumin zuwa wannan ƙarshen tebur, ya matsar da shi zuwa wancan, ginshiƙin dai yana nan, bulo ne mai faɗin ƙafa biyu, kuma yana kusa da tebur. Ya buɗe littafi ya bi lissafinsa sau uku yana fatan samun kuskure. A duk rayuwarsa ranar ce kaɗai ya roƙi Allah ya sa ya yi kuskure a awo, kuma bai yi ba.

Ya zauna a kan kujera. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne har yanzu yana ganin allon. In ya rufe ido ga shi nan ja, yana ɗan lilo a ƙugiya. Sai dai yanzu ya gane daga ina yake ganinsa: daga tsakiyar hanya, inda yakan wuce in zai je ɗauko mai. Sau dubu ya ga Auta ya rataye allo a wasu ranakun. A ranar da aka tambaye shi, ba a daɗe da binne yaron da ya kawo aiki da hannunsa ba, matarsa, yayar yaron, ba ta ci ba ta sha, sai zuciyarsa ta ɗauko masa ɗaya daga cikin dubun ta miƙa masa, shi kuma ya karɓa bai gwada ba. Tsoro ya kama shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Washegari ya ɗauki reza ya ɓanɓare ginshiƙin, ya matsar da shi rabin inci. Zaren ya wuce sumul. Wa zai sani? Lokon gaske ya zama ɓaraguzai, littafin kuma a hannunsa yake. Ya mayar da rufin, sai ƙarfen da ke ɗauke da shi ya sauka a iska, babu abin da ya tokare shi. Ya tsaya yana kallon jerin ginshiƙan, sha ɗaya a kan tazara ɗaya, ɗaya ya karkace kamar haƙorin da ya fito ba daidai ba. Ya yi kwana biyu bai leƙa barandar ba. A na uku ya mayar da shi wurinsa ya manne da gam, sannan ya kira matarsa ya nuna mata zaren.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi karatu ba, amma shekara arba'in da shida tana zaune da mai awo.

"Me kake so ka ce mini?"

"Ban gani ba, Innar yara. Daga nan ba a gani."

"To Auta bai rataye ba ke nan?"

"Ban ce ba. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban gani ba."

"Tsinke ne fa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tsinke ne da gam. Ka matsar da shi."

"Na matsar. Rufin bai zauna ba."

"Rufin." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Yarinyar nan na raine ta a kan ubanta ba shi da laifi. Yanzu tana da 'ya'ya uku. Ka je ka ce mata wataƙila shi ya kashe kansa da mantuwa, saboda rufin gwangwaninka bai zauna ba. Ni na goya shi, Malam. Shekara talatin da ɗaya ina da wanda nake jin haushi. In ka ɗauke mini shi, wa zan ji haushi? Kai?"

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Bai sha wuyar gano inda Mai-Usur yake ba, don dama ya sani, kauce wa layin kawai yake yi. Bayan kora mutumin ya yi gadi a injin yankan katako, ya yi dako, ya yi faci a bakin titi. Matarsa ta tafi. Yanzu idonsa ya rufe, yana zaune a ɗakin baya na gidan ɗansa, can ƙetaren gada. Inci ya ɗauko amalanke, ya shimfiɗa bargo, ya ɗora ƙyauren ya lulluɓe da zani, ya tura da kansa cikin rana, yana tsayawa a kowace inuwa ya huta.

Surukar gidan ta yi masa iso. Ɗakin ƙarami ne, katifa da buta da rediyo. Ƙyauren bai shiga ba, sai a bakin ƙofa aka ajiye shi a kan bokitai biyu, aka kamo hannun tsohon aka fito da shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

"Wane ne?"

"Ni ne. Inci."

Mai-Usur ya ce, "Heluma. Sannu da zuwa. A ba shi kujera."

Inci ya ce ya kawo masa loko ne ya gani, sai ya ji nauyin kalmar a bakinsa. Ya ɗage rufin, ya kama hannun makahon ya ɗora. Yatsun suka fara bin bango a hankali, suka sami babbar ƙofa, suka shiga. Fuskar tsohon ta sake.

"Layi na ɗaya. Ga wurin shan ruwa. Kai, har famfon da ke ɗiga." Ya yi murmushi. "Na biyu." Yatsan ya ci karo da kan jirgin, ya tsaya. Murmushin ya tafi.

"Akwai zare a nan," Inci ya ce. "Bi shi. Wannan teburina ne. Wannan ni ne. Bi zaren."

Yatsan ya bi zaren har ya tokari ginshiƙi. Ya koma baya ya sake biyowa.

"Daga teburina ba a ganin ƙugiya," Inci ya ce. "Ban ga allon ba. Na ce na gani, ban gani ba. Ban san ƙarya nake yi ba, amma ƙarya ce. Na zo ka yafe mini."

Ya zaci zagi, ya ma shirya masa. Mai-Usur bai ɗaga murya ba. Ya zauna a dokin ƙofa, hannunsa ɗaya har yanzu a kan ginshiƙin.

"Shekara biyar ina rantsuwa babu allo," ya ce. "Duk wanda ya tsaya saurarena sai na rantse masa. Daga baya na zauna na yi tunani. Na ce kai wane ne? Direba ne mai sauri, mai son busa. Wancan kuwa Inci ne. Mutumin da bai taɓa cewa kamar ba. In ya ce ya gani, ya gani. Sai na fara ganinsa ni ma. Wallahi ina ganinsa, ja, a rataye, na sa hannu na ture shi na hau."

Mai-Usur ya ci gaba.

"Tsohuwata tana ciwon ajali ta riƙe hannuna ta ce in gaya mata gaskiya. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yarda na yi ba. Na ce mata, Inna, ni na kashe shi. Da wannan ta tafi." Ya shafa ginshiƙin da babban yatsa. "'Ya'yana ma haka na gaya musu. Yanzu ka turo amalanke ka ce ba ka gani ba."

"Zan faɗa wa kowa. Zan tsaya a gaban ƙungiya."

"Faɗa musu. Su wa suka rage? 'Yan kwamitin duk sun mutu." Ya juyo da fuskarsa wajen muryar Inci. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini, tunda kai ne mai awo. An rataye ko ba a rataye ba?"

Inci ya laluba aljihu ya fito da ɗan jan allon, ya sa masa a tafin hannu. "Ban sani ba."

Makahon ya juya shi a tsakanin yatsu, ya daɗe, sannan ya miƙo masa abinsa.

"A da na sani," ya ce. "Ranar na sani sarai. Kai ka karɓe mini sanin." Ya dafa bango ya miƙe. "Maganar yafiya, ka bar ni tukuna. Kwashe kayanka, ka ga ba mu da wurin ajiye shi."

Ba a yi wata biyu ba Mai-Usur ya rasu. Inci ya je jana'iza ya tsaya a sahun baya. Mamacin bai aiko masa da wani saƙo ba kafin ya cika, Inci ya tambayi surukar har sau biyu.

Ƙaramin lokon yana ofishin 'yan fansho yanzu, a kan tebur kusa da taga. 'Yar Auta ba ta ƙara taka gidan Inci ba tun ranar da ya je ya gaya mata. Matarsa tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, tana amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan. Kowace safiya yakan sa hula ya tafi ofishin ya zauna a gefen teburin. Ya bar rufin a ɗage ta gefen gabas, zaren yana nan a ɗaure, jan allon kuma yana cikin kwalin ashana a aljihunsa, don bai san inda zai sa shi ba.

Duk wanda ya shigo kallo sai Inci ya tashi ya nuna masa. Ga teburina, ga ni, ga ƙugiya, ga ginshiƙi na bakwai. Ya ba da labarin tun daga farko, bai rage komai ba, har abin da direban ya gaya wa tsohuwarsa. Mutane sukan gyaɗa kai cikin ladabi, su ce Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yawancinsu an haife su bayan abin. Sai su sunkuya su shafa rufin, su yaba, su tambaye shi gwangwani nawa ya ci.

"Ɗari da goma sha biyu," yakan ce musu, don ya ƙirga.